Dardumar da Ta Kalli Yamma

Duk wanda ya taɓa shan romon kaza a rumfar Tumirah, a bakin titin da ke gangarawa kogin Commewijne, ya sha shi da faɗa. In ka rage a kwano ta ce ka raina hannunta, in ka suɗe ta ce da alama ba a ba ka abinci a gida. 'Yar firit ce, tsayinta bai wuce kafaɗata ba, amma muryarta har tsallaken titi. Matar yayana Paidin ce, Allah ya jiƙansa, kuma babu wanda ya kai ni shan bakinta, don ina 'yar yarinya aka kawo ta gidanmu. Ina kiranta Yu, yadda muke kiran yaya mace. Ita kuwa sunana Ngatemi bai taɓa zama a bakinta ba, sai dai "uwar surutu", har yau da nake da jikoki.

Sana'arta ke nan tun ina iya tunawa: romon kazar da muke kira saoto, da shinkafa da dafaffen ƙwai, sai soyayyen rogo da busasshen kifi ga wanda aljihunsa bai kai ba. Da wannan tukunyar ta yi wa 'ya'yanta makaranta, da ita ta yi jinyar mijinta. Tana zagin direbobi, tana kuma ƙara musu nama a ɓoye. In yaro ya tsaya yana leƙen tukunya sai ta daka masa tsawa ya je ya wanko hannu, idan ya dawo ya tarar an zuba masa.

Daga gidan 'yan yamma aka ɗauko ta, mu kuwa 'yan gabas ne. A Jawa, inda kakanninmu suka fito, mai salla yamma yake fuskanta, don ta can Makka take. Da aka kwaso su a jirgin ruwa zuwa gonakin rake na Suriname, suka sauka, suka duba inda rana ke faɗuwa, suka kabbara kamar yadda iyayensu suka koya musu. Ba wanda ya gaya musu cewa jirgin ya baro Makka a baya. Daga baya masu karatu suka ce daga nan alƙibla gabas take, kuma gaskiya suka faɗa. Wasu suka juya, wasu suka ce allambaran. Sai ka ga ƙauye ɗaya da masallaci biyu, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya ɓata. Mu mukan tsokane su mu ce su riƙa yin salla da wuri, tunda tasu sai ta zagaye duniya kafin ta isa. Su kuma su ce, "Ku da kuka juya jiya jiya, wa zai rama ta kakanninku?" Wasa ne a baki, amma ya sha raba zumunci.

Mahaifinta, Mbah Wiryo, wato Kaka Wiryo a yarenmu, yana saurayi aka kawo shi daga Jawa, bai kuma ƙara ganin uwarsa ba. Ya sare rake har kwantaraginsa ya ƙare, ya samu ɗan fili ya koma noman shinkafa. Matarsa ta rasu Tumirah tana rarrafe, ya ƙi ƙara aure, ya ƙi ba wa kowa riƙo. A bayansa yake goya ta ya shiga fadama. Shi yake mata wanka, shi yake ɗaure mata gashi, ɗaurin da har ta tsufa in ta tuna sai ta yi dariya ta ce kamar an ɗaure bakin buhu. Da maganar aurenta da yayana ta taso, babanmu ya kafa sharaɗi: sai ta juya gabas. Kowa ya zaci za a yi rigima. Mbah Wiryo ya gama sauraro ya ce, "Ki kalli inda mijinki ya kalla, 'yata. Ni dai a bar ni inda uwata ta tsayar da ni."

Ta juya, kuma ba juyawar ganin ido ba. Ta koyi karatu wajen babanmu, ta yarda a ranta cewa gabas ce daidai. Shi kuwa tsohon yana nan a kan bakansa. Da ƙarfinsa ya ƙare ta ɗauko shi ta sa shi a ɗan ɗakin da ke bayan rumfa, ya shigo da akwatinsa da dardumarsa, ya shimfiɗa ta tana kallon yamma a cikin gidan 'yan gabas. Yayana ya kawar da kai. Babanmu ma, da yake ya san darajar tsufa, bai ce uffan ba.

Wanda ya kasa kawar da kai shi ne Rusmin, ɗan farin Tumirah. Yaron nan a gindin kakansa ya tashi, tare suke kamun kifi, kwano ɗaya suke ci. Da ya yi wayo ya fara karatun addini, sai abin ya tsaya masa a wuya. Na taɓa ganinsa ya durƙusa gaban tsohon yana kuka da majina, yana cewa, "Mbah, ka juya mana, don Allah, ko sau ɗaya." Tsohon ya shafa kansa ya tambaye shi ko ya ci abinci. Rusmin ya tafi birni koyon aikin kafinta, kuma yana can Mbah Wiryo ya cika bai juya ba. Da Allah ya buɗa wa Rusmin ya je Makka ya sauke farali, ya sake komawa ya yi wa kakan nasa. Duk wanda ya ce Haji Rusmin ba ya son kakansa, ban yarda ya san shi ba.

To, shekaru suka ja, sai ƙungiyar jikokin 'yan kwantaragi ta samu wani tsohon rumbun shinkafa a bakin kogi ta ce za ta mayar da shi gidan tarihi. Aka bi gida gida ana roƙon tsofaffin kaya. Rusmin yana cikin shugabannin, shi ne ma ya ɗauki nauyin gina ɗaki irin na lebura a ciki, da katako da kwano, don yara su ga yadda aka zauna. Ya zo wajen uwarsa neman dardumar kakansa. Ta ja masa rai har ya gaji, sannan ta buɗe akwati ta ciro ta. Ja ce a da, ta koɗe, wurin goshi ya sule, wurin gwiwoyi ya yi fari.

Ta ce, "Sharaɗi ɗaya, Le." Haka take kiransa, yaro, ko da furfura ta cika masa gemu. "Yadda yake shimfiɗa ta, haka za ka shimfiɗa ta. Ta kalli yamma."

Ya ce, "To, Mak," yadda muke kiran uwa.

Ina zaune ina ɓare tafarnuwa na ji wannan "to" ɗin, na kuwa san ba ta kai zuci ba. Ita ma ta ji. Tun daga ranar ta rasa sukuni, gishiri ya riƙa yi mata yawa a romo. Ba wai tana shakkar alƙibla ba ne. Tsoronta kada a sa ubanta a gaban jama'a a matsayin wani mutum daban, wanda bai taɓa zama ba, alhali ba shi da bakin musu.

Ranar da aka buɗe gidan, cikin watan Agusta lokacin bikin tunawa da zuwan kakanninmu, ta rufe rumfa. Direbobi suka yi ta tambaya ko wani ya mutu. Ta sa rigar leshi da zanen batik irin na Jawa da take ajiya don biki, ta cika kwanon jere da abinci wai kada yunwa ta kama mu a wurin da ba a san hannun mai girki ba. Muka shiga motar haya bayan azahar. A hanya na ce, "Yu, in kin tarar ba yadda kike so ba, kada ki tara mana mutane."

Ta ce, "Ni na taɓa tara mutane?"

Na ce, "Ke da ko atishawa kika yi sai an fito kallo."

"Rufe min baki, uwar surutu. Riƙe kwanon nan da kyau, yana ɗiga."

Wurin ya cika, ga 'yan makaranta, ga waɗanda suka zo hutu daga Holan da manyan takalma, ga tsofaffi a keken guragu. Bangon farko duk hotuna ne na waɗanda aka kawo, kowa riƙe da allon lamba a ƙirji, ido a zare kamar an kama su da laifi. Tumirah ta rage tafiya. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ta san babu na babanta a ciki don an riga an gaya mata, amma ta duba. Ta tsaya gaban wani yaro mai manyan kunnuwa ta ce, "Wayyo, ɗan mutane. Dubi wuyansa. Wannan ko karin kumallo ba a ba shi ba aka ɗauki hoton." Ta kai hannu za ta shafa gilashin, ta fasa, ta goge hannun a zane.

Daga nan bakinta ya dawo. Ga adduna da lauje, ga fitilun kananzir, ga akwatunan katako da aka tsallako teku da su. Ta hango wani turmi ta ce, "Af, turmin gidan su Sarpin! Shi ya sa bai lalace ba, matarsa ba ta taɓa daka abin kirki a ciki ba." Wata budurwa mai yi wa baƙi bayani ta ƙunshe dariya. Ni dai ina biye da kwano, ina addu'ar Allah ya sa mu fita lafiya.

Ɗakin da Rusmin ya gina yana can ƙarshe, an gitta igiya a ƙofarsa. Ya yi aiki, ba ƙarya: gadon katako, tukunyar ƙasa, hular gora a rataye, 'yar taga tana kallon kogi, inda rana ke faɗuwa. Dardumar tana ƙasa, an ɗora hular Mbah Wiryo da carbinsa a wurin goshi. Ta ba wa tagar baya. Gabas take kallo, daidai wa daida, kamar an auna da na'ura.

Tumirah ta riƙe igiyar. Na zaci za ta fasa ihu, sai na ji muryarta ƙasa ƙasa, abin da ya fi ba ni tsoro.

"Kira min shi."

Ba sai na je ba, Rusmin yana tsaye bayanmu da farar hularsa, tun shigowarmu yake bin mu daga nesa. Ya matso ya ce, "Mak, mutane na kallo."

"Ai don kallo kuka gina wurin. Wannan dardumar waye?"

"Ta Mbah ce."

"A'a. Mai wannan dardumar ɗan gabas ne. Ni ban san shi ba. Ina ka kai ubana?"

Rusmin ya sunkuyar da kai, ya yi magana yadda mu kaɗai za mu ji. "Mak, yara za su zo nan, baƙi za su zo daga ko'ina. In suka tambaya me ya sa take kallon can, me za a ce? A ce kakana ya ƙare rayuwarsa yana ba wa Ka'aba baya? A yi ta nuna shi da yatsa ana dariya? Asiri na rufa masa."

"Asirin da shi bai ɓoye ba? A gidan surukansa ya shimfiɗa ta, ƙofa a buɗe."

"Na roƙe shi yana raye ya ƙi." Ya ɗago ya dube ta. "So nake in gan shi ya juya, Mak. Ko a nan ne. Ko sau ɗaya."

Gaskiya tausayinsa ya kama ni, kuma ni 'yar gabas ce gaba da baya. Na ce, "Yu, yaron nan alheri yake nufi. Darduma ce fa, ba mutum ba."

Ta juyo ta watsa min wani kallo. "Da ubanki ne aka jira ya mutu sannan aka murɗe masa wuya, haka za ki ce?" Nan na san na taka inda bai kamata ba.

Ta koma kan ɗanta, amma faɗan ya fita daga muryarta. "Kana tsammani kai kaɗai ka ji tsoro, Le? Kai ka je Makka ka yi masa. Ni ba inda na je, ina nan da tsoron a cikina tun ranar da na gane gabas ce daidai. Ubana ne. Shi ya goya ni. Kullum in na sa goshi a ƙasa sai na ce, ya Allah, nasa goshin fa? Amma Allah ya ga inda ya kalla, ya kuma ga abin da ya sa. Wa za ka ɓoye wa? 'Yan makaranta?"

Mutane sun fara taruwa, ana yi kamar ana kallon hular gora.

Ta ce, "Akwai abin da ba ka sani ba, kana birni lokacin. Ke ma ba ki sani ba, uwar surutu, da duk ƙauye ya ji. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, a zaune yake salla. Daga baya zaman ma ya gagara, in ya ɗaga hannu zai kabbara sai ya tafi ta baya. Na sa masa matashi, ya zame. Na ce ya jingina da bango, bangon yana gefen da ba ya so. Sai na riƙa sauke tukunya in zo in zauna a bayansa, in ba shi bayana ya jingina. Shi yana kallon yamma, ni ina kallon gabas."

Ta gyara riƙon igiyar.

"Ba ya iya ɗaga murya, amma ina jin karatunsa a ƙashin bayana. Yana yi, ni kuma na buɗe hannu ina kallon alƙibla ina cewa, ya Allah, ga sallarsa nan ta biyo ta jikina, ka karɓa ta nan. Ban tambayi malami ba, ban san ko ana yin haka ba. Abin da na iya ke nan. Shi ma ya san abin da nake yi, bai taɓa hana ni ba. In ya sallame sai ya ce, kin gama? In ce na gama. Ya ce, to tashi, romonki zai ƙone."

Ta nuna ƙasan dardumar, wurin da ƙafa ke tsayawa.

"Nan ne wurina, a bayansa. Yanzu da ka juya shi, in na zauna a wurina yamma zan kalla. To gaya min, ni ina zan zauna?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, ga hannuna duka biyu riƙe da kwano, ba halin sharewa. Rusmin ya cire takalmansa, ya ɗaga igiyar ya shiga. Ya ɗauke hular da carbin ya riƙe a ƙirji, ya kama dardumar da hannu ɗaya a hankali don kada ta yage, ya juya ta har wurin goshin ya fuskanci taga. Ya mayar da hular da carbin, ya daidaita gefen da ya naɗe. Wani dattijo daga masallacinmu ya yi gyaran murya a bayana ya ce, "Haji da kansa?" Na ce masa, "Kang," wato yaya, "turmin gidanku yana can baya, je ka gaishe shi." Ya wuce yana gunaguni.

Tumirah ba ta nemi izinin kowa ba. Ta zare silifas ta bi ta ƙarƙashin igiyar, ko sunkuyawa sosai ba ta yi ba. Budurwar nan mai bayani ta taho da sauri, ta ga fuskar Rusmin, ta tsaya. Tsohuwa ta dafa gadon ta sauka ƙasa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta zauna a ƙarshen dardumar ta ba ta baya, fuskarta a gabas. Ta buɗe tafin hannunta a kan cinya. Sai na ga ta ɗan kwanta baya kaɗan, yadda mutum ke yi in ya saba akwai abin da zai tare shi. Babu komai a wurin, ta yi tangaɗi har sai da ta dafa ƙasa.

Rusmin ya zauna a kan dardumar kakansa, ya naɗe ƙafafu, ya matso har bayansa ya haɗu da nata. Ba salla yake ba, zama kawai ya yi, fuskarsa a taga, rana tana dukan farin gemunsa, kafaɗunsa suna rawa. Ɗakin ya yi tsit, har yaran makaranta suka daina tura juna. Leɓunanta suna motsi, ba mai jin abin da take faɗa sai wanda ke jingine da ita.

Can ta shafa fuska, ba ta waiwayo ba ta ce, "Ka fi shi nauyi, Le. Shi ƙashi ne zalla."

Ya yunƙura zai gyara.

Ta ce, "Wa ya ce ka motsa? Ban gama ba."